Rubutun Motar Yaya Sahabi

Babanmu shi ke yi wa motoci rubutu a Tambuwal, kuma haruffansa a miƙe suke kullum, kamar sahun salla. Masu kwantawa gefe, masu siririn wuya da 'yar wutsiya a ƙafa, sai allon tela ko na mai turare yake yi wa.

Wata la'asar ina 'yar firamare, yayana Sahabi ya shigo da bas ɗin da aka ba shi ya riƙa jigilar Sakkwato. Ya nuna wa Baba wani kwalin turare.

"Irin wanga nika so, Baba. Ko tana tsaye a ga kamar gudu taka yi."

Baba ya daɗe yana kallon kwalin. Ni ke riƙe da gwangwanin jan fenti, warin kananzir na hawa mini kai.

"Ba ni sa ma mota rubutun da ya riga ya fara faɗuwa," in ji shi.

Yaya ya yi dariya, ya yi ta magiya har Baba ya tsoma buroshi. Ya ja sunan Sahabi a ƙofar direba, kowane harafi ya sunkuya gaba kamar ana tura shi. Bai taɓa rubutu mai kyan wannan ba. Da ya gama bai ja baya ya duba ba, yadda ya saba. Wanke hannu kawai ya yi.

Ƙofar tana zaurenmu har yau. Ita kaɗai aka kawo mana daga inda motar ta faɗi, kuma fentin ko dusashewa bai yi ba.