Talabijin Ɗin da Ba Ta Son Muhawara

Baba mai aski ya zura hannu bayan talabijin, ya zare wayar eriya ya cusa a aljihu, sannan ya juyo da fuskar tausayi.

"Kun gani ko? Ta sake lalacewa."

Babu wanda ya yarda. Talabijin ɗin nan tana nuna ƙwallo, tana nuna kokawa, har tallan sabulu garau take kawowa, amma ranar da 'yan takara za su yi muhawara sai ciwo ya kama ta. Makon jiya rimot ne ya ɓace. Kafin nan wai wuta ce ba ta da ƙarfi, alhali injin aski yana ta gurnani a ƙeyar mutane.

Dalili kuwa Baba ba ya rasawa. Yau ya ce ihun 'yan siyasa yana sa hannunsa rawa, kada ya cire wa wani kunne. Gobe ya ce ai tun a gida aka ba su tambayoyin suka haddace. In an matsa masa sai ya bugi ƙirji.

"Me za su faɗa da ban sani ba? Wannan Marayan da kuke mutuwa a kansa, ni na fara aske masa kai. Kuka ya yi ta yi, har da majina."

Shago ya kwashe da dariya. Ai Baba ne, mutumin da ya rantse ya taɓa yi wa matuƙin jirgi aski suna sama. Maraya kuwa, ɗan takarar da fastocinsa suka rufe gari, kowa ya san tarihinsa: yaron da ya tashi ba uba, ya yi karatu a gindin fitilar titi.

Ana haka wani matashi ya buɗe shagon aski a tsallaken titi, da ƙatuwar talabijin da lasifika har bakin ƙofa. Bencin Baba ya fara yin fili.

"Maigida, ka kunna musu kawai," in ji matarsa. "Shagon nan shi ne abincinmu."

"Ke da kike shigewa ɗaki ki ja ƙofa in an fara?"

Ta sunkuyar da kai, ta ci gaba da ninke tawul.

Yammacin muhawarar ƙarshe, tela ya fara sulalewa, malamin makaranta ya bi bayansa. Direban tasi, wanda bai taɓa kai kansa wani shago ba, ya miƙe da rabin kai a aske.

"Baba, ka yi haƙuri. Can ma za su ƙarasa mini."

Baba ya rufe ƙofa, ya tura taga. Lasifikar ba ta san ƙofa ba. Muryar Maraya ta shigo tana rawa, cike da hawaye:

"Ina ɗan yaro na zuba wa mahaifina ƙasa da hannuna, ruwan sama yana dukana. Ko takalmi bai bar mini ba."

A labarinsa na bara, zazzaɓi ne ya kashe uban. Bana mota ce ta buge shi, an kuma ƙara ruwan sama. A tsallaken titi tafi ya ɓarke, wani har da salati.

Baba ya zauna a kujerar aski, ya dubi kansa a madubi, ya yi dariyar da ba ta da daɗi. Iya tsara ƙarya dai a gida aka gaje shi. Ya jingina, yana sauraron ɗansa na fari yana sake binne shi a gaban duk ƙasa.