Farar Allura ta Ƙarshe

Glenys Pardoe ta sauka daga jirgin ƙasa na uku da ta hau a ranar, gwiwoyinta suna zogi, jakar takardu a hammata. Saura kwana tara ta koma gidan kula da tsofaffi. 'Yarta ta riga ta auna ɗakin, ta ce, "Mama, babu bangon da zai ɗauki taswirar nan, sai dai haƙuri."

Taswirar Birtaniya ce, ta cinye bango guda a ɗakin cin abincinta, an soke ta da allurai masu kai. Baƙa ta wanda ya mutu ce, ja ta wanda Glenys ta je ta gani da idonta, fara kuwa ta wanda ba ta kai gare shi ba tukuna. Dukansu sunan danginsu ɗaya, Tollerby. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana wannan aiki, ta soma shi mako biyu bayan an binne mijinta. Yanzu idon ya fara dushewa, likita ya hana ta tuƙi, kuma fara ɗaya ce ta rage. So take ta ga mai ita kafin a naɗe taswirar.

A ƙungiyarmu ta masu bin diddigin sunayen dangi, kowa da sunan da ya liƙe wa, galibi na kakanninsa. Mu dai irin mutanen nan ne da ba a gayyata cin abinci sau biyu. Amma ko a cikinmu Glenys daban take, don babu Tollerby ko ɗaya a cikin iyayenta da kakanninta.

"Ai dole ki ari sunan wasu," in ji Desmond, shugabanmu, duk taro sai ya tsokane ta. "Ke da aka haifa a gidan Jones ina za ki fara? Rabin ƙasar nan danginki ne."

"Sunan ne ya yi mini daɗi," takan ce, ta ci gaba da kurɓar shayinta.

Alƙaluman kuwa a ka take karanto su. A ƙidayar 1881 mutum ɗari biyu da sha huɗu ne, kusan duka a ƙauyuka uku na Lincolnshire, masu yashe magudanan gonaki. Yaƙi ya ɗebi samarinsu, teku ta ci wasu a Grimsby, sauran aka yi ta haifa musu mata, aure ya shafe sunan. Yau saura arba'in da ɗaya, a warwatse.

Abin da ke ba Desmond haushi shi ne ba ta damu da matattu ba. Mu matattu muke so, don ba sa rufe mana ƙofa. Ita kuwa littattafan coci sai ta yi musu kallo ɗaya ta ture, ta tafi ƙwanƙwasa gidajen rayayyu da 'yar takardar tambayoyinta, wadda ke farawa da ranar haihuwa. An kore ta, an sa mata kare, an ɗauke ta 'yar talla. Wani gidan minti biyar take yi ta fito, wani kuma ta daɗe, ta dawo gida ta kwanta kwana biyu ba ta ɗaga waya. Mun gaji da tambaya, ita ma ta gaji, gajiyar da ake gani har a tafiyarta.

Mai farar allurar sunansa Adrian. Iyayensa sun tafi da shi New Zealand yana ƙarami, sai bara sunansa ya ɓullo a rajistar masu zaɓe ta garin Berwick.

Shi ya buɗe mata ƙofa, dogon mutum mai furfura, hannunsa duk ƙasar lambu. Ya dafa shayi, ya zuba biskit a faranti. Glenys ta ba shi labarin taswirar da alluranta, ta roƙe shi ya zauna kusa da taga saboda idonta, ta buɗe littafinta, ta yi tambayar farko.

"Tara ga Afrilu, 1967," ya ce.

Ba ta rubuta ba. Ya ɗauka ba ta ji ba ne, ya maimaita da ƙarfi, sannan ya sosa ƙeya.

"Gaskiya, Misis Pardoe, kin sha wahalar banza, har na ji kunya. Ni ba Tollerby na asali ba ne. Ɗauko ni suka yi ina mako shida, daga irin gidajen nan da ake ɓoye 'yan matan da suka yi ciki ba aure. Ki zare allurata kawai, kada in ɓata miki aiki."

"Ba ka taɓa neman wadda ta haife ka ba?" in ji Glenys.

"Na nema. Suka ce wata Jones ce." Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ke ce masaniya, ki gaya mini Jones nawa ne a ƙasar nan. Na haƙura."

Glenys ta rufe littafin a hankali, ta ajiye alƙalami a kai. Shayin ya huce ba ta taɓa shi ba. Ta ƙura masa ido iyakar abin da idon zai iya, kamar yadda ta ƙura wa wata takarda ido tana shekara sha bakwai, takardar da ke juye a kan teburin shugabar gidan ɓoye 'yan mata, inda ta samu ta karanta kalma ɗaya tak, Tollerby, kafin a zare jaririn da ta haifa ranar tara ga Afrilu daga hannunta.