Tiyon da Ke Zamewa a Motar Yudelka

Tana isa danjar bakin kasuwar garinsu Tamboril, Yudelka ta taka birki, injin ya yi kakari sau biyu ya mutu. Masu babura suka yi ta danna mata oda. Karo na uku ke nan a mako guda.

Ranar Litinin ake jiran ta a Bávaro, tafiyar awa biyar daga gida. Wani kamfanin sigari ya ɗauke ta aikin kai kaya otal-otal, da sharaɗin ta zo da motarta. In ba ta zo ba, a ba wata.

Mahaifinta, Don Fermín, ya shekara arba'in yana gyaran mota a rumfar da ke jikin gidansu. Tun tana 'yar shekara tara take miƙa masa sifana. Tun rasuwar mahaifiyarta kuma, su biyu ne rak a gidan.

Motar otomatik ce, lafiya lau take gudu a kan titi, sai an zo tsayawa take mutuwa. Don Fermín ya wanke bakin totur, ya canza filtar mai, ya shinshina man giya ko ya ƙone. Ranar Laraba ya kunna sigari, ya cika bakinsa da hayaƙi, ya busa cikin bututun da injin ke shan iska, ya toshe da tsumma kamar yadda tsohon maigidansa a gareji ya koya masa. Hayaƙin ya sulalo ta can baya, inda wani siririn tiyo ya zame daga mazauninsa. Ta nan iska ke satar hanya ta rikita injin idan ya yi ƙasa. Ya mayar da tiyon ya ɗaure da waya. Shi da Yudelka suka zaga gari, motar ko tari ba ta yi ba.

Washegari ta mutu a danja. Tiyon ya sake zamewa, wayar a kwance.

Ƙanwarsa Nereida ta zo ta tsaya masa a ka, hannu a ƙugu.

"Yaya, ka ji tsoron Allah. Tiyo dai ba shi da hannu. Ka sakar wa yarinyar nan mara! So kake ta tsufa tana kirɓa maka ayaba?"

"Ni? Ni da na sayo mata akwatin tafiyar? Ke dai bakinki ba ya da birki."

Yudelka ta tattara tsummokaran ta shige ciki, ta wuce akwatinta da ke jingine a bakin ƙofa.

Akwai abin da bai faɗa wa Nereida ba. Watan jiya wake ya ƙone ƙurmus a kan wuta yana zaune kusa da tukunyar. Sau biyu ya kira Yudelka da sunan mahaifiyarta. Ran nan ya tsinci kansa a layin bayan coci bai san abin da ya kawo shi ba, sai ga Yudelka ta kama hannunsa kamar dama tare suka fito. Wanda ya manta hanyar gidansa, me zai hana ya manta cewa shi ne ya kwance wayar? Zuciyarsa ba ta son yarinyar ta tafi. Wa ya sani ko hannunsa ya bi zuciyar a bayan idonsa?

Ranar Asabar da yamma ya sake ɗaure tiyon. Ya ɗauki tsinke ya shafa jan fenti mai jinkirin bushewa a ƙarƙashinsa, inda ido ba ya kai wa. Bai gaya wa kowa ba. Ya yanke cewa in ya ga ja a hannunsa, zai sa Nereida ta kulle shi a ɗaki har sai motar ta bar gari.

Lahadi da safe ya ɗaga bonet. Tiyon a zame.

Ya daɗe a tsaye kafin ya iya duban hannuwansa. Ya juya su ciki da baya, ya ware yatsu, ya leƙa ƙarƙashin farata ɗaya bayan ɗaya. Babu komai sai tsohon baƙin mai.

"Baba, ga gahawa, sha kada ta huce," in ji Yudelka daga bayansa.

Ya juya ya miƙa hannu. Yatsunta sun sha wanki har sun yi fari, amma a gefen farcen babban yatsanta jan fentin bai fita ba.