Saniyar da Asama'u Ta Ɓoye

Asama'u ta Cadakori tana da shanu uku, kuma da nononsu take ciyar da 'ya'yanta tun rasuwar mijinta. A shekarun farko na mulkin kai, mai saniya uku ba abin rainawa ba ce. Amma ita ba ta ganin nata, idonta yana kan maƙwabciyarta Rakiya. Ran kasuwa, kafin Asama'u ta sauke ƙwaryar nononta, Rakiya ta sayar har ta wanke tata. Abin nan yana cin Asama'u kamar gara.

Wata safiya ta tarar hantsar babbar saniyarta ta kumbura, ta yi zafi. Da ta tatsa, sai madara ta fito gudaji-gudaji, da ɗigon jini. Maimakon ta tsorata da ciwon, tsoron dariyar Rakiya ne ya kama ta.

Sai ta yi dabara, in dai dabara ce. Tun da asuba take fara tatsar maras lafiyar, ta zubar a bayan danga kafin Rakiya ta fito. Sannan ta wuce ga sauran biyun da hannun nan ba wanki, tana tsoma yatsu a madara don santsi, yadda ta ga uwarta tana yi.

Rannan Rakiya ta leƙo ta kan danga.

"Yaya, mi ya samu saniyag ga? Na ga tana ɗingishi. Likitan dabbobi na zuwa Gidan Rumji ran kasuwa, maigidana na iya kiran shi."

"Lahiya lau take," in ji Asama'u. "Ki ji da naki."

A ranta kuwa cewa ta yi, ga mai bakin da ya kama min saniya, har ta zo ganin aikinta.

Kafin damina ta ƙare, duka ukun sun kamu. Sai da babbar ta kasa tashi Asama'u ta bari aka kira likitan. Da ya zo, ta ce masa baki ne ya kama ta. Ya taɓa hantsar, wadda ta yi baƙi ta yi sanyi, ya girgiza kai.

"Ba baki ba ne, Inna. Ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani. Takan shiga ta kan nono, ta maƙale ciki tana zuba dafi har wurin ya mutu. Wacce kike fara tatsa?"

Asama'u ta dubi hannunta.

Babbar ta mutu. Biyun suka rayu, amma hantsarsu ta ƙafe, aka sayar wa mahauta da arha. Yanzu kowace safiya 'ya'yan Asama'u ne ke tsaye a bakin dangar Rakiya da ƙoƙo, ana zuba musu nonon fura.

Jama'a, saniya mai ciwon hantsa a ware ta, a tatse ta daga ƙarshe, a wanke hannu, a kira likita da wuri. Wanda ya ɓoye ciwo don kada maƙwabci ya ji, kansa ya cuta, ba maƙwabcin ba.