Jirgin Mai Gyaran Fanka

Malam Shitu, ajiye wannan ƙaton injin tukuna, ka zauna in ba ka labarin wani mai gyaran fanka da na sani a Zariya. Mahaifinsa tsohon makaniken jiragen yaƙi ne, ya shekara talatin hannunsa cikin baƙin mai, har ya ajiye aiki, ganinsa ya fara raguwa. Shi kuwa mai gyaran fankan ɗan fari ne, ka kuwa san halin dattawanmu da ɗan fari, ko sunansa ba a kira balle a yabe shi. Ya haura shekara arba'in bai taɓa jin tsohon ya ce wa aikinsa madalla ba, abin yana cinsa a rai, ko da yake bai taɓa faɗa wa kowa ba. Sai ya ɗauko wani tsohon hoton jirgin da uban ya yi wa hidima, ya shekara biyu yana sassaƙa irinsa da katako mara nauyi, ɗan ƙarami, faɗin fuka-fukansa bai wuce buɗewar hannuwan mutum ba. Babu abin da ya bari, har lambar da ke jikin wutsiya sai da ya zana. Burinsa ɗaya ne, jirgin ya tashi a gaban tsohon tun yana da sauran gani.

Da aka zo zaɓen kayan da za su ɗaga shi, sai son burgewa ya rufe masa ido. Ya ɗauki injin lantarki mafi ƙarfi, ya haɗa da batir kamar bulo, ya ɗaura farfela mai hannu huɗu, irin ta jikin hoton. Allah ya taimake shi ya fara gwadawa shi kaɗai a filin ƙwallo. Jirgin ya yi ta ihu yana gudu a ƙasa kamar agwagwa, ya ɗan ɗaga, nauyin gaba ya rinjaye shi, ya kifa hanci cikin ciyawa, wayoyi na hayaƙi. Fiffike ɗaya ya tsage. Ka ji fa, mutumin da kullum yake yi wa masu kawo gyara faɗa kada su sa wa ƙaramar fanka manyan hannuwa, shi ne ya yi wa kansa wannan aika-aika. Ya kwashi abinsa ya koma shago cikin kunya, ya kuma san idan ya sake faɗuwa irin wannan, aikin shekara biyu ya tashi a banza.

To, a nan ne nake alfahari da shi, don bai yi zuciya ba. Ya gyara fiffiken, ya je ya aro sikelin ratayawa wurin mahauci. Ya fara auna nauyin jirgin. Sannan ya ɗaure wutsiyar a ƙugiyar sikelin, ya tayar da inji, ya ga iya ƙarfin da yake ja. Bayan minti ɗaya sai ya kashe, ya ɗora yatsa a kan injin. In yatsan ya kasa zama, ya san an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Haka ya yi ta yi har mako uku, mahaucin na ta aiko masa ya mayar masa da sikelinsa. Ya sauko kan matsakaicin inji. Ya canza batir zuwa rabin na farko, yana matsar da shi gaba da baya, har jirgin ya zauna cak a kan yatsu biyu a ƙarƙashin fuka-fuki. Abin da ya fi yi masa ciwo shi ne farfelar. Mai hannu huɗun ta fi kyau, ta fi kama da ta gaske, amma tana shanye batir tana gasa inji. Ya daɗe yana juya ta a hannu kafin ya cire ta, ya ɗaura mai hannu biyu.

Ranar Asabar da hantsi aka kawo tsohon filin, aka ajiye masa kujera, maƙwabta suka taru. Kafin a tayar, ya sa hannu ya shafa jirgin daga wutsiya har hanci, ya tsaya a kan farfelar, ya ƙirga hannuwanta da yatsa, ya ji biyu maimakon huɗu. Ɗan dai ya danna rimot, jirgin ya yi ɗan gajeren gudu ya bar ƙasa sumul, ya haye saman darbejiyoyi, ya karkata ya zagayo. Tsohon bai ko ɗaga kai ba, don idon ba zai kai can ba. Kunne ya karkata, yana bin ƙarar inji yadda ya saba a wurin aiki, har jirgin ya yi zagaye shida ya sauko lafiya. Ya sa aka miƙo masa shi, ya ɗora yatsa a kan injin, ya ji ɗumi kawai. Bai dubi ɗansa ba. Ya juya wurin maƙwabcin da ke gefensa, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Injin nan bai wahala ba. Wanda ya haɗa wannan ya san aiki." Mai gyaran fanka ya sunkuya kamar yana naɗe waya, hawayen daɗi na zubo masa, ƙato da shi.

Ba ƙarfin inji ne ya samo masa wannan kalma ba, auna kowane abu da ɗan'uwansa ne. Shi ya sa Hausawa suka ce, daidai ruwa, daidai tsaki.