Kwana Goma Sha Tara

"Yau kwanansa goma sha tara bai sha giya ba," na faɗa wa likitar da alfahari. Ɗana na gefena.

Ta rufe fayil ɗin. "Ki yi haƙuri, Mama. Gwajin sabon maganin nan na waɗanda suka sha cikin makon nan ne, ƙwaƙwalwarsu muke dubawa. Jibi za mu rufe ɗaukar mutane."

"Likita, sau shida yana dainawa yana komawa!"

"Ƙa'ida ce, Mama."

A hanya ya ce, "Umma, wannan karon zan iya." Haka ya ce sau shidan nan.

Shekara takwas ina tsiyaye kwalabensa a kwata. Da yamma na fita na sayo sabuwa, na buɗe da hannuna, na miƙa masa.