Gwangwani na Huɗu

A karon farko tun aurensu, albashi ya yi saura.

Ta raba shi cikin gwangwanaye kamar kullum: zakkar coci da fari, sai haya, sai abinci. Ta tsaya da ragowar a hannu.

Duk ƙarshen wata, a gaban teburin nan suke durƙusawa su roƙi abu guda cikin sunan Yesu: kuɗin ya isa, har ya yi saura.

"Maigida, ka gani?" Ta nuna masa kuɗin. "An amsa addu'armu."

Bai ɗago kai ba. Yana ta juya gwangwani na huɗu, na maganin tilon 'yarsu da suka binne watan jiya.

"Zuba a nan," ya ce. "Ko na wannan watan kaɗai."